SHIYATSU: TAUSAR JAPON DA MASU GUDU KE NEMA

A ƙasar Japon gudun nesa babban wasa ne. Kowace shekara, ran 2 da ran 3 ga watan Janairu, ɗalibban jami'o'i suna tseren karɓa-karɓa daga Tokiyo zuwa Hakone su komo, kilomita ya fi 200, mutum goma kowane gungu. Mai irin wannan gudu, kwana ɗaya ko biyu bayan tsere cinya da sha-raɓa su yi tsami, sauka daga matakala ma sai da dabara. Cikin abubuwan da ake yi masa har da wata tausa mai suna shiyatsu.

Da harshensu, shi yatsa ke nan, atsu kuwa dannawa. Ba a shafa mai, ba a tuɓe riga. Mutum ya kwanta bisa shimfiɗa, mai tausa ya ɗora babban yatsa ko tafin hannu, ya danna sannu da nauyin jikinsa, kamar a ƙirga uku zuwa biyar, ya saki, ya gusa gaba kaɗan. Ga mai gudu, ana bin tafin ƙafa, sha-raɓa, cinya, har ƙugu.

Wanda ya fitar da sunan wannan sana'a shi ne Tokujiro Namikoshi, an haife shi a 1905. Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka yi ƙaura zuwa tsibirin Hokaido mai tsananin sanyi, ciwon gaɓoɓi ya kama uwarsa. Yaron ya riƙa danna mata inda ke ciwo, tana jin sauƙi. A 1940 ya buɗe lekol ta koyon aikin a Tokiyo. A 1964 dokar ƙasa ta ambaci shiyatsu da sunanta. Shekarar nan ce kuwa aka yi wasannin Olimpik a Tokiyo, inda Nijar ta je karo na farko da ɗan dambe Isaka Dabore.

To, mine ne amfaninta na gaskiya? Binciken likitoci bisa tausar ƴan wasa ya nuna tana rage tsamin jiki kaɗan, mutum ya ji ya sake. Ba ta ƙara sauri. Wanda bai yi horo ba, ko an kwana ana danna shi, baya zai zo. Wasu masu shiyatsu suna cewa akwai hanyoyin wani ƙarfi ɓoye cikin jiki da suke buɗewa. Likitoci ba su ga waɗannan hanyoyi ba.

Inda hatsari yake, tsami dabam, rauni dabam. Targaɗe sabo, ko nama da ya tsage, ko ƙashi da ya tsattsage don yawan gudu, dannawa ƙara ɓarna take yi. Wannan hutu yake so, da ruwan sanyi, a ɗaga ƙafar sama, a je gidan likita. Sha-raɓa guda da ta kumbura, ta yi zafi ba tare da an bugu ba, wannan kada a taɓa ta sam: mai yiwuwa jini ne ya daskare cikin jijiya, in aka matsa sai gudan ya tafi huhu ya kashe mutum. Mai zazzaɓi da mai ƙurji ma ba a yi musu.

Don sanin irin wannan bambanci, a Japon mai son ya ci abinci da shiyatsu sai ya yi shekara uku yana karatun ƙassa da jijiyoyi da cututtuka, ya ci jarrabawar gwamnati, sa'an nan a ba shi takardar izni.