Yadda ake ƙawata fili da itatuwan ƙasarmu a Gidan Waya

Wanda ya biyo hanyar Kafanchan zuwa Gidan Waya a watan Agusta zai ga ƙasa kore shar har gindin duwatsun Kagoro. Amma da ya leƙa harabar sabuwar makaranta ko sabon gida, sai ya tarar an share komai ƙaf, an jera malaina da turare da darbejiya a kan jar ƙasa tsirara. Malaina da darbejiya daga Asiya aka kawo su, turare kuwa daga Ostireliya. Ba ƙin su nake ba. Dajin Nimbiya da ke kusa, inda aka dasa itacen tik don katako, yana da nasa amfanin. Sai dai gandun katako daban, wurin zaman mutane daban, kuma ƙasar da ke fitar da ɗorawa da atili da kanta ba ta rasa abin ado ba.

Aikin farko shi ne ka riƙe addarka tukuna. Ka zaga filin kana duba kututture da 'yan tohon da ake ɗauka ciyawa ce: maje, doka, kalgo, gwandar daji, tafashiya. Yawancinsu tsofaffin itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. A kowane kututture ka zaɓi toho biyu ko uku mafiya ƙarfi, ka yanke sauran, ka ɗaura ƙyalle don kada leburori su sare. Da wannan dabarar, wadda ake kira sassabin zamani, manoman Maraɗi suka mayar da itatuwa gonakinsu tun daga 1983, lokacin da wani mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗa ta a can. In ta yi aiki inda ruwa ke ƙaranci, ina ga nan da ake damina daga Afrilu har Oktoba? Tohon da ke da tsohuwar saiwa kan riga dashe girma nesa ba kusa ba.

Sai ka jira ranar da aka tafka ruwa, ka fita ka ga inda yake bi. Matsalar kudancin Kaduna ba rashin ruwa ba ce, yawansa ne da gangare. Inda ya fara cin ƙasa, nan za ka tsaga tushen gamba ka dasa a jere, kusa da kusa, layin ya ratsa gangaren a kwance. Gamba na rage wa ruwa gudu, ta tare ƙasa, da kaka kuma a yanka a saƙa zana. Inda ruwa ke kwanciya, jema ta fi dacewa.

Daga nan ne ake raba wa manya wuri. Maɗaci da atili da ɗorawa ƙatti ne, kada su kusanci gini, rijiya ko wayar lantarki da ƙasa da mita 10. A kai su bakin iyaka, musamman ta yamma, su tare ranar la'asar. Ɗinya da kanya su zauna inda yara ke wasa, don inuwa da 'ya'ya. Ƙananan kamar gwandar daji su cike tsakani. Kada a yi musu sahu irin na sojoji. A daji rukuni-rukuni suke fitowa, dogo na inuwantar da gajere.

Samun iri shi ne wurin da ake shan wahala, domin masu sayar da dashe a bakin titi sun fi ajiye baƙin itatuwa. Sau da yawa sai ka tsinto da kanka. Kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, fatarta tauri gare ta: a ɗan kankare gefenta, ko a zuba mata ruwan zafi a bar ta ta kwana a ciki, sannan a shuka a leda. Irin maɗaci ba ya son ajiya, a shuka shi da ɗanyensa. Kaɗanya ta fi kowa wuyar sha'ani. Ƙwayarta na mutuwa cikin 'yan makonni, saiwarta kuma doguwa ce mai nutsewa, don haka gara a binne ta a inda za ta zauna har abada. Takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya. Ni dai ina ganin wannan ba dalilin ƙin shuka ta ba ne, dalilin shuka ta bana ne.

A yi dashe a watan Mayu ko Yuni, bayan ruwa ya zauna. Rami ya kai rabin mita zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a cire ledar, kada a binne wuyan tsiron. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da shi, amma a bar tazarar tafin hannu daga gindin, saboda gara.

Abokan gaba uku ne: akuya, wuta da mai shara. Akuya sai shinge na ƙaya ko kwando. Wuta kuwa, kafin hunturu ya kankama, tun a Nuwamba, a nome fili mai faɗi kewaye da wurin don gobarar daji ta rasa abin ci. Mai shara shi ne ya fi wuyar shawo kai, domin an saba ganin ganye a ƙasa ƙazanta ce. A share hanya da ƙofar ɗaki, amma ganyen da ya zuba a gindin itace a bar shi, shi ne takinsa.

Rani biyu na farko a ba kowane dashe ruwa bokiti ɗaya sau ɗaya ko biyu a mako, da yamma. Daga rani na uku a janye ban ruwa a hankali, a koma sassabe ƙananan rassa da maye gurbin waɗanda suka mutu idan damina ta dawo.