Kunu Mai Kauri a Kachalla Sembe

Kunun gyaɗa ne ya kai ni Kachalla Sembe, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Jalingo. So nake in ji yadda mata masu dama shi na sayarwa suke fama da tsadar gyaɗa da shinkafa da itace, domin a Jalingo, wadda ta zama babban birnin Taraba tun da aka cire jihar daga tsohuwar Gongola a 1991, gidaje da yawa da shi suke karya kumallo. A gidan wata mai kunu aka yi mini maraba, aka shimfiɗa tabarma, muka shiga lissafin mudu.

Muna cikin haka wata yarinya ta shigo da kwano. Mai kunun ba ta zuba mata na sayarwa ba, sai ta ɗauko wani da ta ware, mai kauri, tacacce, babu gudaji ko ƙwayar shinkafa. "Na tsohuwar gidan can ne," in ji ta. "Idan ya yi ruwa-ruwa, ƙwarewa take yi." Sai na bi yarinyar.

Na tarar da tsohuwar a kan kujera, an tokare bayanta da matasai don ta zauna sosai. 'Yarta, tela ce da ta rufe kekenta da zane, tana durƙushe a gabanta da ƙaramin cokalin shayi. Takan ɗebo rabin cokali ta sa mata a baki, ta zuba wa maƙogwaronta ido har ya motsa, sannan ta ƙara. In haɗiyar ta ƙi zuwa, sai ta kira ta a hankali, "Dada, Dada," ta yi mata magana da Fulatanci. Hausar da tsohuwar ta shekara da shekaru tana ciniki da ita a kasuwa ta kuɓuce mata, sai harshen da ta tashi da shi. Kwano ɗaya ya ci kusan awa guda.

"Da fari mantuwa ce kawai, Malama," in ji 'yar. "Ta yi salla ta sake yi, ta ajiye carbi ta ce an ɗauke. Muka ce gigin tsufa ne. Daga baya ta fara riƙe tuwo a kumatu, sai da dare in tarar da lomar rana tana nan. Wasu suka ce sammu ne. Wata gwaggonmu kuma ta ce taurin kai ne, a yi mata ɗura kamar jariri. Wallahi mun yi, sau ɗaya. Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe ta, numfashi sama-sama. A asibiti aka ce kunun huhu ya bi."

Abin da ya faru da tsohuwar sananne ne a wurin likitoci. Ciwon mantuwa lalacewar ƙwaƙwalwa ne, kuma ƙwaƙwalwa ce ke tsara tauna da haɗiya da rufe hanyar iska lokacin da loma za ta wuce. Idan ciwon ya yi nisa wannan tsari yakan rikice, abinci ko ruwa ya zarce huhu ya haddasa ciwon huhu, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke ajalin masu wannan lalura. Ruwa zalla ya fi saurin kuɓucewa, shi ya sa ake kaurara kunu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke da ciwon a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in jinyar mata ne ke yin su.

'Yar tsohuwar ba ta san waɗannan alƙaluma ba, amma hannunta ya san aikin. Ta daina ba ta sakwara saboda danƙonta. Sai faten dankali da aka dame, da ayaba nunanna, da tuwo mai laushi da aka jiƙe da miyar kuka. Ba ta ba ta abinci a kwance ko tana gyangyaɗi. In an gama, ta duba kumatunta, ta goge mata baki, ta bar ta a zaune rabin awa. Na tambaye ta batun robar abinci ta hanci, ta ce sun yi shawara da likita sun zaɓi cokali. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ma, a matsayar da ta fitar a 2014, ciyarwa da hannu cikin natsuwa ta fifita a kan roba ga wanda ciwon ya yi wa nisa.

Abin da ya fi cin ta a rai ba gajiyar ba ce. "Yayyena suna turo kuɗi, Allah ya saka musu. Amma in sun zo suka ga ta rame, sai su ce, me kike ba ta ne? Ni da rabona da gidan biki ko barcin kirki har na manta." Ta yi shiru, ta goge ido da bakin mayafi. "Ita ta ciyar da ni. Ba na ƙorafi. Ina dai son wani ya koyi riƙe cokalin nan, ko da ranar da zan kwanta ciwo."

A ganina ta yi gaskiya, kuma ba ta nemi abu mai yawa ba. Rama a wannan mataki na ciwon ba shaidar sakaci ba ce, kuma ƙin cin abinci ba taurin kai ba ne. Wanda ke da tsoho mai irin wannan lalura ya bar ɗura. In ya ga tari a kan kowace loma, ko murya ta koma kamar da ruwa a maƙoshi, ko zazzaɓi ya biyo bayan ƙwarewa, ya garzaya asibiti. A Jalingo akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha. 'Yan'uwa kuma, maza da mata, ku je ku zauna kusa da mai jinyar ku koya, ku karɓe ta ko da ciyarwa ɗaya ce a rana.