Idon kyamara mai faɗi a fagen kokawa: abin da ya kamata ku sani kafin ku saya

Da zarar an kai gero rumbu a ƙasar Dungas da Magariya, ganga kan fara kiran ƴan kokawa. Ba a cika shiga fage da tsakar rana ba. Sai la'asar ta yi sanyi ake ɗaura layu, ƙanana su fara, manyan kaye kuma su faɗo dab da magariba. Mai hoto ya san wannan lokaci da ciwon kai. Hasken da ya ishe shi da ƙarfe biyar ya gudu kafin a kira salla, domin a nan ƙasashenmu tsakanin faɗuwar rana da duhu bai fi minti ashirin da ƴan kai ba. Sai ya koma gida ya tarar da hoton kayen da kowa ke magana a kai ya zama hazo-hazo, ƙafa uku hannu huɗu. Washegari ya ce kyamara ce ba ta da kyau. Sau da yawa ba ita ce da laifi ba, gilashin da ke gabanta ne, wanda masu sana'a ke kira lens, mu kuma a nan za mu ce masa ido.

Lamba biyu ake rubutawa a jikin kowane ido. Ta farko da milimita take, kamar 18-55mm, ita ke faɗin yawan filin da zai kwaso. Ƙaramar lamba, fili mai faɗi. Babbar lamba, fili ƙunci amma abu na nesa ya matso. Ta biyu ita ce mai harafin f, kamar f/1.8 ko f/5.6, ita ke nuna girman ƙofar da haske ke bi. Wannan a juye take: f/1.8 ƙofa ce wangale, f/5.6 kuwa ƴar taga. Daga 1.4 zuwa 2, zuwa 2.8, zuwa 4, zuwa 5.6, kowane taki ɗaya rabin haske ya tafi.

Kafin ka dubi ko ɗaya cikinsu, tambayi kanka inda za ka tsaya. A ganina nan ne yawancin masu saye ke yin kuskure, domin sun ji an ce ido mai faɗi na kwashe komai, sai su ɗauka shi ne na wasanni. Yana kwashewa ɗin, amma yana ƙanƙantar da duk abin da ya kwasa. Ɗauki ido mai 16mm a kan irin kyamarorin da suka fi yawa a hannun masu hoto namu, wato ƙananan Canon da Nikon. Ɗan kokawa da ke mita 3 daga gare ka zai cika fiye da rabin tsayin hoton. Idan suka tura juna zuwa mita 10, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. A filin ƙwallo, mai tsaron gida da ke mita 50 ya zama tururuwa. Saboda haka ƙwallon ƙafa da sukuwar dawaki ba aikin ido mai faɗi ba ne. Nasu shi ne dogon ido, irin 70-200mm f/2.8 da ake gani a hannun ƴan jarida, mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, mai tsadar da ta kan fi ta kyamarar kanta.

Kokawa daban take, haka dambe da langa. Fagen ƙauye ƙarami ne, jama'a ce katangarsa, kuma mai hoton da aka sani a gari ana barinsa ya durƙusa a bakin da'ira. Daga nan ido mai faɗi ke nuna gwanintarsa: kaye a gaba, ƙura ta tashi, makaɗa da maroƙa a gefe, yara a kan bishiya can baya, duk a hoto guda. Irin wannan hoton shi ke nuna wa wanda bai zo ba yadda ranar ta kasance. A manyan fagage kuwa, kamar na Langa-Langa a Damagaram, ko duk inda aka kai gasar kokawa ta ƙasa ta neman takobi, wadda ta samo asali daga gasar da aka fara a Tawa a 1975 inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, akwai buhunan yashi da jami'an tsaro tsakaninka da ƴan wasa. In ba ka da takardar shiga, ido mai faɗi taron jama'a kawai zai ba ka.

Akwai wani abu da mai sayarwa bai cika faɗa ba. Ƙananan kyamarorin nan farantin da ke karɓar hoto a cikinsu bai kai na manya girma ba, don haka suna yanke gefen abin da ido ya gani. A Canon sai ka ninka milimita sau 1.6, a Nikon da Sony sau 1.5, kafin ka san ainihin faɗin da za ka samu. Ido mai 24mm, wanda yake da faɗi sosai a babbar kyamara, a ƙaramar Canon kamar 38mm yake. Mai 35mm kuma ya tashi daga sahun masu faɗi gaba ɗaya. Wanda ya ga hoton wani a Facebook ya aika Kano a sayo masa irin idon, ya fara tambayar wace kyamara aka ɗora shi.

Sai maganar haske, wadda ita ce ta fi nauyi. Don a tsayar da mutum biyu da ke juyi cikin yashi, dole kyamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, ko ma cikin 1000 in ana son ƙwayar yashi ta fito a sarari. Ƙiftawa mai sauri haka haske kaɗan take bari ya shiga, sai ƙofa ta rama. A ce rana ta faɗi, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 3200, idon da aka haɗo maka da kyamara, 18-55mm, yana kan 18mm da f/3.5, kyamara ta ba ka 1/125. Da wannan hannu da ƙafa za su narke. Sa ido mai f/2.8 a wuri guda, ka samu 1/200, an ɗan matsa amma ba a isa ba. Sa mai f/1.8, ka kai kusan 1/500, domin haskensa ya kusa ninka na f/3.5 sau huɗu. Abin da ya fi ɓata wa mai 18-55mm rai shi ne, yana jawo hoto zuwa 55mm ƙofa na tsukewa zuwa f/5.6, daidai lokacin da ya fi bukatar ta.

Kada alamar IS ta Canon ko VR ta Nikon ta ruɗe ka. Aikinta gyara rawar hannunka, kuma tana da amfani wajen ɗaukar masallaci ko kasuwa da dare. Ba ta riƙe ɗan kokawa ya tsaya maka.

To, wanne za a zaɓa? Canon 10-18mm f/4.5-5.6 mara nauyi ne, mai sauƙin kuɗi, yana da kyau ga hawan salla da safe ko taron biki a fili, amma da magariba ya zama makaho. Tokina 11-16mm f/2.8 ya fi shi haske ninki biyu da rabi zuwa huɗu, sai dai faɗinsa ya yi yawa: in ba ka kusa taɓa ƴan wasa ba, kowa ƙarami ne, kuma wanda ya faɗo a gefen hoto kansa kan miƙe kamar goruba. Mai Nikon D3000 ko D5000 da ƴan'uwansu ya lura, tsohon samfurin wannan Tokina ba ya saita kansa a kansu, sai na biyu mai alamar II. Da ni ne zan durƙusa a bakin fagen Dungas, Sigma 18-35mm f/1.8 da ya fito a 2013 zan ɗauka. Ƙofarsa ba ta tsukewa ko ka jawo, kuma tsakanin 18 da 35 nan ne kokawa ke faruwa. Aibinsa nauyi, gram 800 da ɗoriya, ga kuɗi. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, kada ya raina ido mai lamba ɗaya tak wanda ba ya jawowa: Nikon 35mm f/1.8, ko Canon 24mm f/2.8, ko 50mm f/1.8 da ke ba da haske kusan ninki goma na 18-55mm in an jawo shi ƙarshe. Ƙafarka ce za ta yi aikin jawowa.

Idan wasa ya kai dare aka tada janareta, wata matsala kan ɓullo. Wasu fitilu na yin ƙyaf-ƙyaf da ido ba ya gani amma kyamara mai saurin ƙiftawa na gani, sai hoto ɗaya ya fito da haske, na biye da shi ya yi duhu ko kore. Wannan ba laifin ido ba ne. Ɗauki da yawa a jere, ka tsaya ta yadda fitila ke bayanka ko a gefenka.

Lokacin kokawa kuma shi ne lokacin hunturu, ƙura a sama, ƙura a ƙasa. Duk sanda ka cire ido a bakin fage don ka sa wani, ka buɗe wa yashi cikin kyamara, sai ka ga ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto. Gara ka zaɓi guda tun daga gida ka bar shi. Idon da ke tsawo da gajarta in ana jawowa yana shaƙar iska da ƙurarta. Wanda ke motsi a cikinsa kawai, kamar Sigma da Tokina ɗin nan, ya fi jurewa. Kada ka goge gilashi da bakin riga ko rawani. Hure yashin tukuna da ƴar robar hura iska, sannan ƙyalle mai laushi.

Yawancin abin da zai iso hannunka, ko ta Damagaram ko ta Kano ya biyo Maigatari, na hannu ne. Je da kyamararka, domin bakin Canon ba ya shiga Nikon, kuma ko a gida ɗaya tsohon baki da sabo sun bambanta. Haska fitilar waya ta bayan gilashi ka leƙa ta gaba: ƴar ƙura ba komai, amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce da kan kama kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku masu laima, ajiye shi. Daga nan buɗe ƙofar har ƙarshe, shiga lungu mafi duhu a shagon, ka sa yaron shago ya tako zuwa gare ka da sauri, ka ɗauka sau goma. Ƙirga nawa ne idanunsa suka fito tas kafin ku fara ciniki.