Neman Ɗakin Haya A Legas: Yi Hankali Da Dillali

Da an gama girbi, samari da yawa sukan tafi Legas ci-rani. Wanda zai daɗe sai ya kama ɗaki, kuma a unguwanni irin su Agege da wuya a samu ba ta hannun dillali ba.

Aikin dillali shi ne ya haɗa ka da mai gida, ya karɓi la'ada, yawanci kashi goma cikin ɗari na hayar shekara. Akwai kuma kuɗin rubuta yarjejeniya da na ajiya saboda ɓarna. Tambayi jimlarsu tun da wuri.

Wajen biya ake cutar baƙo. Wani dillalin yakan nuna wa mutum uku ɗaki ɗaya, ya karɓi kuɗin kowa, ya ɓace. In ya ce, "Kawo kafin alƙalami yanzu, ga wani nan tafe da kuɗi," kada ka yi gaggawa. Ka ga mai gidan ido da ido, ka tambayi maƙwabta ko shi ɗin ne. Ka duba ruwa da bayan gida, ka tambayi ko wanda ya tashi ya bar bashin wuta. Kuɗin haya kuwa, a hannun mai gida za ka sa, gaban shaidu.

A 2011 Jihar Legas ta kafa dokar da ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, ta kuma wajabta ba da rasit. In ba ka karanta Turanci, nemi wanda zai karanta maka takardar kafin ka dangwala.