Steemit da Hive: Dandalin Da Ke Biyan Mai Rubutu, Amma Wa Ke Riƙe Da Wuƙar Rabo?

Duk wanda ke yini a Facebook ko TikTok ya san yadda lamarin yake: kai ke sayen data, kai ke rubutu, kai ke ɗora hoto da bidiyo, kamfani kuma ya saka talla a gefe ya kwashi kaso mafi tsoka. Wannan ƙorafi ne ya sa a shekarar 2016 Ned Scott da Dan Larimer suka buɗe dandalin Steemit a Amurka, da alƙawarin cewa mai rubutu da mai karatu kowa zai samu ladan wahalarsa, kuma babu wani kamfani da zai yanke wa kowa abin da zai samu. Abin da ya faru a shekaru huɗun farko na dandalin darasi ne ga duk matashin da ake tallata wa manhajar da za ta riƙa biyansa.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

An gina Steemit ne a kan fasahar bulokcen, wato kundin ajiyar bayanai da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa a lokaci guda, ta yadda ba wanda zai goge wani abu a ɓoye. Duk bayan daƙiƙa uku ana ƙara sabon shafi a kundin, kuma rubutunka da sharhinka da ƙuri'arka duk a ciki suke zama. Tsarin yana ƙirƙirar sababbin sulallan kirifto masu suna STEEM a kai a kai, ya zuba kaso mafi girma a asusun lada. A ƙa'idar da aka tsaya a kai tun 2017, rubutu yana da kwana bakwai yana tara ƙuri'u, daga nan a biya shi gwargwadon nauyin ƙuri'un da ya samu. An yi rabon farko ranar 4 ga Yulin 2016, kuma darajar abin da aka raba ta haura dala miliyan ɗaya.

Sai dai mai karatu ya lura: ba kuɗin talla ake rabawa ba. Darajar ladan ta dogara ne kan farashin sulallan a kasuwa. A Janairun 2018 STEEM ɗaya ya haura dala 8, amma zuwa ƙarshen 2019 bai kai santi 20 ba. A tsakanin nan, cikin Nuwamban 2018, kamfanin Steemit ya sallami kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatansa.

Ƙuri'ar wani ta fi ta wani

A Facebook laik ɗinka da na attajiri ɗaya ne. A Steemit ba haka ba ne. Nauyin ƙuri'a ya danganta ne da yawan sulallan da mutum ya kulle a asusunsa, abin da ake kira Steem Power. Ƙuri'ar sabon shiga ba ta kai santi ɗaya ba, alhali dannawa guda daga ɗaya daga cikin masu tarin jari, waɗanda ake wa laƙabi da manyan kifaye, tana iya kai wa rubutu dalolin da ƙananan mutum ɗari ba za su haɗa ba. Hujjar masu tsarin ita ce, da an daidaita ƙuri'u, mutum ɗaya zai buɗe asusun bogi dubu ya riƙa zaɓar kansa.

Hujjar tana da ƙarfi, amma ga abin da ta haifar. Da farko lissafin ladan yana ninka nauyin ƙuri'u ne da kansa, don haka rubuce-rubuce kaɗan da manya suka taru a kai su ke wawure asusun. A Yunin 2017 aka gyara, lada ya koma daidai da nauyin ƙuri'a. Sai wata ɓarakar ta ɓullo: mutane suka koma zaɓar rubutun kansu, aka kuma ƙirƙiro manhajoji masu sarrafa kansu da ke sayar da ƙuri'a. Ka tura musu kuɗi, su ɗaga rubutunka zuwa shafin farko ko da shirme ne. Wanda ya kwana yana bincike ya tashi da 'yan canji, wanda ya sayi ƙuri'a ya tashi da riba.

A Agustan 2019 aka sake gyara. Da can marubuci na ɗaukar kashi 75, masu zaɓe su raba 25. Sai aka mayar da shi rabi da rabi domin zaƙulo rubutu mai kyau ya zama da riba. Aka kuma ba kowa damar kaɗa ƙuri'ar rage lada ba tare da ta ci ƙarfin ƙuri'arsa ta yabo ba. Wannan ya karya kasuwar sayar da ƙuri'a sosai, amma ya zama makami: babban kifi da kuka samu saɓani zai iya mayar da ladan rubutunka sifili.

Ranar da aka sayar da kamfanin

Ba lada kaɗai jari ke juyawa ba, har da mulki. Masu riƙe da sulalla ne ke zaɓen mutum 20 da ake kira shaidu, waɗanda kwamfutocinsu ke tabbatar da kundin kuma suke amincewa da duk wani sauyin doka. Kamfanin Steemit kuwa yana riƙe da tarin sulallan da ya haƙa tun farko, waɗanda jama'a suka ɗauka na raya dandalin ne, ba na zaɓe ba.

Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka sanar cewa Justin Sun, mai kamfanin TRON, ya sayi Steemit. Shaidu suka ji tsoro, suka daskarar da sulallan kamfanin. A farkon Maris, kasuwannin kirifto na Binance da Huobi da Poloniex suka yi amfani da sulallan da abokan cinikinsu suka ajiye a wurinsu wajen kaɗa ƙuri'a, aka tumɓuke shaidun gaba ɗaya aka ɗora na ɓangaren Sun. Binance da Huobi sun janye ƙuri'unsu daga baya, amma aikin gama ya gama.

Ranar 20 ga Maris 2020 babban ɓangaren jama'ar dandalin ya kwafi kundin kacokan ya buɗe sabo mai suna Hive. Kowa ya tarar da rubuce-rubucensa da adadin sulallansa a sabon gida, ban da kamfanin Steemit, wanda aka karkatar da kasonsa zuwa asusun al'umma, da kuma wasu asusun da suka mara wa shaidun Sun baya. Har yau ana muhawara kan adalcin wannan wariyar. A Mayun shekarar, ɓangaren Steem ya ƙwace sulalla sama da miliyan 23 daga asusu 64 na masu adawa da shi.

Abin da ya riƙe jama'a

A Hive ba kamfanin da ya mallaki kundin. Ana shiga ta manhajoji daban-daban kamar PeakD da Ecency, kuma asusunka ɗaya ne a dukkansu. An kuma sa doka cewa sulallan da aka kulle sai sun yi kwana 30 kafin su yi tasiri a zaɓen shaidu, don kada a maimaita harin Maris. Amma nauyin ƙuri'a har gobe na mai jari ne.

Abin da ke rage kaifin wannan shi ne aikin mutane. Akwai zauruka na girki da ɗaukar hoto da waƙa da tafiye-tafiye, kowanne da dokokinsa da masu kula da shi. Akwai ƙungiyoyin da manya ke ara wa ƙarfin ƙuri'arsu don su zagaya su nemo rubutun sababbin shiga. Akwai masu farautar satar rubutu. 'Yan Benezuwela da 'yan Najeriya na cikin masu yawan rubutu a can, kuma asusun al'ummar ya ɗauki nauyin haƙa rijiyoyin burtsatse a Ghana. Wanda ke karanta na wasu yana sharhi mai ma'ana shi ake sani, shi ake zaɓa. Wanda ya zo ya jefa rubutu ya tafi jiran alat yakan gaji cikin wata guda.

Kafin ka yi rajista

Idan aka kawo maka irin wannan dandali, yi tambaya uku: daga ina ladan ke fitowa, wa ya fi riƙe sulallan, kuma wa ke da ikon canza doka? Idan an ce sai ka biya kafin a biya ka, ja da baya. Adana makullan asusunka a takarda, domin babu ofishin da zai dawo maka da su cikin sauƙi kamar kalmar sirrin Facebook. Ka sani cewa abin da ka rubuta a kundin ba ya goguwa ko da ka cire shi daga manhaja, don haka lambar waya da adireshin gida ba wurinsu ba ne. Sannan a Hive cire sulallan da ka kulle yana ɗaukar mako 13, farashi kuma ba ya jiran kowa. Kada kuɗin makaranta ko jarin sana'a su shiga can.