Jirgin Wasa Da Ake Harbawa Kamar Kibiya

Jama'ar Fammar da na Rano da Kibiya, kun san lilon yara na ranar Salla. To, ga labarin wani lilo na ƙarfe wanda ake harba shi kamar yadda maharbi ke sakin tsarkiya.

Shi wannan abu jirgin ƙasa ne ƙarami na wasa, yana bin hanya mai hawa da gangara da murɗiya. A 1959, a Amurka, aka fara yin hanyarsa da bututun ƙarfe, domin bututu ya fi katako lanƙwasuwa. Galibinsu sarƙa ke jan su sannu a hankali har ƙololuwa, sa'an nan a sake su. Amma akwai wani iri da ake cilla shi tun daga ƙasa.

Mashahurinsu shi ne Formula Rossa na Abu Dabi, wanda kamfanin Intamin ya ƙera, aka buɗe a 2010. Cikin daƙiƙa 5 yakan kai gudun kilomita 240 a awa. Da zai ɗore haka, da ya kai mutum Kano daga Rano kafin minti 20.

Ga asirin abin. Injuna ke tura mai cikin waɗansu tukwanen ƙarfe masu iska a ciki, har iskar ta matsu ainun. Da an buɗe mata hanya sai ta koro man da ƙarfi, man ya juya wani ƙaton gangan naɗi, shi kuwa ya fizgi igiyar ƙarfe, igiya ta fizgi jirgi. Ƙafafunsa kashi uku ne: na bisa hanya, da na gefe, da na ƙarƙashi, don kada ya tashi daga kanta. Birkinsa kuwa mayen ƙarfe ne, ko wuta ta ɗauke yana kamawa. Masu hawa dole su sa tabarau, gama a wannan gudu ƙwayar rairayi ma tana raunata ido. Wanda ya san ƙurar hunturu ba sai an yi masa bayani ba.

Duk da wannan hikima, ƙarfe yana gajiya. A 2009 igiyar wani irinsa ta tsinke a Kalifoniya, ta ji wa wani yaro ciwo. Shi ya sa ma'aikata ke bin igiya da ƙusoshi da ƙafafu kullum safiya, su gwada jirgin ba kowa a ciki, kafin a bar mutum ya hau.

To, jama'a, in masu wannan dukiya ba su yarda da ƙarfensu ba sai sun duba, ina ga lilon da maƙeri ya haɗa aka kafa a filin Idi? Kafin ka ɗora ɗanka, dubi walda, girgiza ginshiƙi, ka tambayi mai shi yaushe ya duba. Rigakafi ya fi magani.

Haza wasalam.