Buga Takarda Gaba Da Baya: Shawara Ga Akawuna Da Malaman Batsari Da Safana

A zamanin En'e, akawun Hakimi a Batsari ko Safana ba shi da kayan aiki sai tafireta da takardar kabon, in kuwa sanarwa ta yi yawa sai a kai ta inda ake da injin Gestetner. A 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, a 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, yau kuwa kwamfuta da firinta sun gaje wurin tafireta. Amma abu ɗaya bai sake ba, watau takarda kuɗi ce, kuma akawun da ya ɓata ta shi zai amsa tambaya.

Masana'antun takarda da aka kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su wadatar da ƙasar nan ba, saboda haka mafi yawan farar takardar ofis daga waje take zuwa, kuɗinta kuma yana bin canji. To, a ɗauka makaranta tana da yara 300, jarrabawa kuma shafi huɗu ce. In an buga a fuska ɗaya, takarda 1,200 za a ci, watau rim biyu da guda 200, tun da kowane rim 500 ne. In an buga gaba da baya, 600 sun isa. Sai dai in aikin ya karkace, shafi na biyu ya fito kai ƙasa, ko tambayoyin shafi na huɗu su faɗa bayan na farko, an yi asarar takarda, an kuma rikita yaro a ɗakin jarrabawa. Ga wuraren da cutar takan ɓuya.

Na'urar da kanta

Ba kowace firinta ke iya juya takarda da kanta ba. Wadda ke iyawa tana da wata hanya a cikinta, takan buga fuska ɗaya, ta turo takardar kamar za ta fito, sa'an nan ta janye ta ta buga ɗaya fuskar. Kada mai aiki ya fizge ta a wannan lokaci, domin ba ta gama ba. Kamfanoni irin su HP da Brother sukan sa harafin D cikin lambar samfurin da ke da wannan hanya. Ya kamata ma'aji da shugaban makaranta su duba wannan tun kafin a biya kuɗi.

In na'urar tana da hanyar amma kwamfuta ba ta nuna zaɓin ba, galibi laifin direba ne, watau manhajar da ke yi wa kwamfuta da firinta tafinta. Wani lokaci Windows takan sa direba na gama-gari wanda bai san duk abin da na'urar ke iyawa ba. Maganinsa a sa na ainihin kamfanin, a shiga saitin na'urar a tabbata an nuna cewa tana da sashen juya takarda. Mutanen wannan yanki suna da dalili na musamman na ajiye direba a filas. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ɓarayin daji, har da Batsari da Safana, aka yi makonni da yawa ba intanet. Wanda bai ajiye ba, sai ya yi tafiya kafin ya samu.

Shafin da ya fito kai ƙasa

Wannan shi ne kukan da aka fi yi, kuma ba lalacewa ba ce. Juyi iri biyu ne. Akwai juyi ta dogon gefe, yadda ake buɗe littafi, akwai juyi ta gajeren gefe, yadda ake ɗaga kalandar bango. Wasiƙa da takardar jarrabawa da aka tsara a tsaye, dogon gefe suke so. Jadawalin albashi ko na sakamakon jarrabawa da aka tsara a kwance, in ana so a buɗe shi kamar littafi, gajeren gefe za a zaɓa. Wanda ya musanya su zai ga bayan takarda ya kife.

Girman takarda

Takardar da ake sayarwa a kasuwanninmu A4 ce, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Asalin wannan awo na Jamus ne, daga 1922, aka mai da shi na duniya a 1975. Amurka kuwa tana da nata, faɗi 216 tsawo 279, kuma kwamfutoci da yawa da shi suke zuwa. In kwamfuta ta ce awon Amurka, aljihun firinta kuma A4 ke ciki, wata na'urar takan tsaya cak ta ƙi juyi, wata ta yanke rubutu ko ta goce da layin baya. A daidaita awon a wuri uku: cikin takardar da aka rubuta, cikin direba, da jikin aljihun takarda.

Juyi da hannu

Ofis da yawa ƙaramar firinta gare su, sai dai a juya da hannu. Ƙa'idar ita ce a fara buga shafuffukan mara, 1, 3, 5, a mayar da takardun, sa'an nan a buga na cika, 2, 4, 6. Amma na'urori sun bambanta wajen fuskar da suke bugawa. Saboda haka a ɗauki fensir a yi alama a saman takardar da ke bisa cikin aljihu, a buga shafi ɗaya, a duba inda alamar ta faɗa. Daga nan za a san yadda za a mayar da takarda. Bayan haka a gwada da shafi huɗu. In 4 ya fito bayan 1, to sai a umurci kwamfuta ta buga na cika daga ƙarshe zuwa farko. In jimlar shafuffuka mara ce, misali 7, a ware takardar ƙarshe kafin a mayar, ko a ƙara shafi na 8 ba rubutu. Kada a zuba ɗari gaba ɗaya. A yi ashirin-ashirin, domin in na'ura ta ja takarda biyu tare, duk abin da ya biyo baya ya ɓaci.

Hunturu da damina da wuta

Firintar lesa hodar tawada take narkarwa a jikin takarda da zafi kusan digiri 200, shi ya sa takarda kan fito da ɗumi tana lanƙwashewa. A bar ta ta huce, a miƙe ta, kāna a mayar. Da hunturu bushewar iska kan sa takardu su manne da juna, sai a kama rim a karkaɗa shi kafin a zuba. Ƙura kuma takan kwanta a kan robar da ke jan takarda har ta riƙa sulɓi. A kashe na'ura, a goge robar da tsumma mai ɗan laima, a rufe ta da ƙyalle in an tashi aiki. Da damina takarda kan sha raɓa ta riƙa maƙalewa, don haka a bar ta cikin ƙunshinta, bisa kanta, nesa da ƙasa. Takarda mai giram 80 ita ta fi dacewa, mai shara-shara rubutun baya kan bayyana ta gaba. Mai firintar tawadar ruwa ya jira fuska ta bushe.

Sai maganar wuta. Zafin nan da lesa ke bukata yakan ja wuta da ƙarfi a farkon aiki, ƙaramin janareta ko ƙaramar inbata ta sola ba kullum ke ɗauka ba. In wuta ta yi rauni ana tsakiyar juyi, takarda kan tsaya a ciki. Kada a zaro ta da wuƙa ko almakashi. A kashe, a buɗe ƙofar baya, a jawo ta a hankali da hannu biyu, a tabbata ba guntun da ya saura.

Muna jan hankalin malamai da akawuna ga abu ɗaya: kafin a buga ɗari uku, a buga ɗaya, a karanta ta gaba da baya, a ba wani ma ya duba. Mai gyara yana Katsina ko Dutsin-Ma, hanya kuwa ba kullum take da daɗin bi ba, alhali yawancin waɗannan matsaloli mai aiki yana iya warware su yana zaune a kujerarsa. Dukiyar jama'a amana ce, ko da takarda ɗaya ce. Allah ya ba ƙasar Ruma da ta Safana zaman lafiya, ya sa albarka cikin aiki.